Shinge, Ƙofa da Ruwan Sha: Makaɗan Pank da Rok na 'Yan Gefe a Bukukuwan Kiɗa na Fili

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun kiɗan pank da ɗan'uwansa rok na 'yan gefe, tun daga ƙananan ɗakunan da aka haife su a Niyok da Landan har zuwa manyan filayen da suke tara dubban jama'a a yau. Ta dubi bukukuwa kaɗan a Ingila da Folan da Amurka da Danmak, daga 1976 zuwa shekarun baya-bayan nan. Abin da ta tsaya a kai shi ne, idan kiɗan nan ya fita fili, ba kalmomin waƙa ko ƙarar jita ke yanke hukuncin ko zai riƙe halinsa ba. Tsarin wurin ne ke yankewa: mai filin, kuɗin ƙofa, tazarar da ke tsakanin makaɗi da mai kallo, har da farashin ruwan sha.

Gabatarwa



Na san akwai wanda ya ga sunan takardar nan a jadawali ya ce a ransa, mu da ke da Shata da Ɗanƙwairo ba mu gama nazarinsu ba, me ya kai mu ga samarin Turawa masu tsagaggen wando da gashi kamar tukkun zakara? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, duk wanda ya taɓa nazarin makaɗi da ubangidansa, ko ya lura da yadda kiɗa ke sauya hali idan ya tashi daga zaure ya koma dandali, zai ga matsalar da ya sani ce a nan, sai dai ta sa wata riga. Kuma kafin in sauka za mu biyo ta Sakkwato, ba don in faranta wa kowa ba, sai don hanyar ce ta bi ta can.

Kalmomi biyu nake so mu daidaita a kansu. Pank kiɗa ne mai sauri da ƙara, gajeren zango, wanda ya ɓullo a tsakiyar shekarun 1970. Faifan farko na ƙungiyar Ramones, na 1976, waƙoƙi 14 ne a cikin abin da bai cika minti 30 ba. Rok na 'yan gefe kuwa shi ne sunan da na ba wa tarin ƙungiyoyin da suka taso daga gindin pank a shekarun 1980, suna fitar da faifai a ƙananan kamfanoni, manyan gidajen rediyo ba su kula su, har kasuwa ta juyo kansu a 1991.

Ɗakin da aka haife shi

Ba a fili aka haifi pank ba. A Niyok, gidan CBGB da Hilly Kristal ya buɗe a 1973 a unguwar Bowery mashaya ce doguwa siririya mai cin mutum ɗari uku da 'yan kai. A watan Agustan 1974 Ramones suka fara hawa dandamalinsa. A Landan, taron da aka yi a 100 Club ranakun 20 da 21 ga Satumban 1976, wanda ya haɗa Sex Pistols da The Clash da The Damned da Buzzcocks, a ƙarƙashin ƙasa aka yi shi, a titin Oxford. Dandamalin irin waɗannan wurare bai wuce gwiwa ba. Mawaƙi na jin warin zufar mai kallo, mai kallo na iya miƙa hannu ya ƙwace abin magana.

Wannan kusanci shi ne jarin pank gaba ɗaya. Makaɗan rok na farkon shekarun 1970 sun riga sun zama sarakuna. Suna wasa a filayen ƙwallo, ana hango su daga nesa kamar tururuwa, ga tulin kayan sauti da sai manyan motoci sun ɗauko. Pank ya zo yana cewa babu wani asiri a cikin abin. Wata 'yar mujallar hannu mai suna Sideburns ta buga zanen kamun tsirkiya uku na jita a farkon 1977, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa tasa ƙungiyar. Kuma abin ya faru a zahiri. Wasan da Sex Pistols suka yi a Lesser Free Trade Hall ta Manchesta ranar 4 ga Yunin 1976 bai tara fiye da mutum arba'in ko makamancin haka ba, amma daga cikin 'yan kallon ne aka sami waɗanda suka kafa Joy Division, da Morrissey wanda ya yi fice daga baya da The Smiths. Siouxsie Sioux 'yar kallo ce mai bin Sex Pistols duk inda suka je. A wancan taro na 100 Club ta fara hawa dandamali, Sid Vicious na buga mata ganga. Ɗan kallon yau makaɗin gobe ne, kuma kowa a ɗakin ya san haka.

To, me zai rage daga wannan idan aka ɗauke shi aka kai shi filin da ke cin mutum dubu tamanin?

Victoria Park, 1978

Faransawa ne suka fara gwadawa, a garin Mont-de-Marsan cikin Agustan 1976, a fagen wasan bijimai. Amma gwajin da ya kafa tarihi shi ne na ranar 30 ga Afrilun 1978 a gabashin Landan.

Sai an san halin da Birtaniya ke ciki a lokacin. Jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi tana samun ƙuri'u, samarinta na dukan 'yan Asiya da baƙar fata a kan titi, tana kuma farautar magoya baya a cikin 'yan pank ɗin kansu. A Agustan 1976, Eric Clapton, mutumin da ya ci abinci da kiɗan baƙar fatar Amurka, ya tsaya a dandamali a Birmingham ya goyi bayan ɗan siyasa Enoch Powell da korar baƙi. Martanin da mai ɗaukar hoto Red Saunders da abokansa suka rubuta wa jaridun kiɗa shi ya haifar da ƙungiyar Rock Against Racism. Ita da Anti-Nazi League suka shirya tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park, a tsakiyar yankin da National Front ke taƙama da shi. Ƙiyasin waɗanda suka taru ya kama daga 80,000 zuwa 100,000. Ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba.

Jerin makaɗan shi kansa huɗuba ne. Ga The Clash, ga Tom Robinson Band, ga X-Ray Spex wadda mawaƙiyarta Poly Styrene 'yar Basomale ce ta wajen uba, ga Steel Pulse, 'yan rege baƙar fata daga unguwar Handsworth. Masu shirin sun riƙe ƙa'idar haɗa fari da baƙi a dandamali ɗaya a wasanninsu. Wanda ya kalli hoton ranar a fim ɗin Rude Boy na 1980 zai ga abin da nake nufi. Kyamara na bayan The Clash, tana kallon jama'a ta kan kafaɗarsu. Kawuna ne har inda ido ya tsaya, suna tashi suna sauka tare kamar hatsi a faifai. Sautin ba shi da daɗi, iska na kwashe rabinsa. Jimmy Pursey na Sham 69, wanda ƙungiyarsa ke fama da magoya baya 'yan wariya, ya hau ya karɓi abin magana ya rera tare da su, domin nasa mutanen su ga inda ya tsaya.

A nan kusancin jiki ya ɓace, amma wani abu ya maye gurbinsa. Jama'ar da ke filin da ƙafarsu suka zo, tafiyar mil da dama, suna ɗauke da kwalaye. Kafin a buga ganga ta farko sun riga sun yi nasu aikin. Babu wanda ya sayar musu da ranar, su suka yi ta. Ba na so in zuzuta abin fiye da kima. Kwana huɗu bayan bikin, ranar 4 ga Mayu, aka kashe Altab Ali, matashi ɗan Bangaladash mai aikin ɗinki, a Whitechapel, ba nisa da filin. Kiɗa bai tare wuƙa ba. Abin da ya yi shi ne ya hana 'yan wariya mallake pank, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Jarocin

Misali na biyu ya fi ba ni sha'awa, kuma masu rubuta tarihin pank da Ingilishi sukan tsallake shi. Jarocin ƙaramin gari ne a yammacin Folan. Daga 1980 bikin kiɗansa ya zama matattarar matasan ƙasar, har a cikin shekarun dokar soja da Janar Jaruzelski ya kafa a Disambar 1981. A nan mai filin gwamnati ce. Sai an kai kalmomin waƙa ga ofishin tace rubutu, jami'an leƙen asiri kuma suna cikin taron. Ƙungiyar Dezerter da farko sunanta SS-20, sunan makami mai linzami na Tarayyar Sobiyet, sai da ta sauya shi don ta samu ta ci gaba da wasa.

Har yau ana gardama a Folan kan dalilin da ya sa hukuma ta bar bikin. Wasu na cewa ƙofar shan iska ce aka buɗe: a tara masu taurin kai wuri guda, su yi ihunsu na 'yan kwanaki, a kuma san fuskokinsu. Ina ganin akwai gaskiya a ciki. Amma hotunan Jarocin na nuna abin da mai tace rubutu bai yi lissafinsa ba. A gaban dandamali za ka ga hannuwa a sama, kowane na riƙe da rakoda. Kamfanin faifai na gwamnati ba ya buga irin waɗannan ƙungiyoyi sai nadiran, don haka matasa suka riƙa naɗar wasan da kansu, su koma garuruwansu, a kwafa daga kaset zuwa kaset. Sautin duk hayaniya, amma ya isa inda ake so. Filin na hukuma ne, yaɗawar kuwa ta 'yan kallo ce. A riƙe wannan hoto na rakoda, zan dawo gare shi.

Ladan kuturu

A Amurka ba gwamnati ce ke da filin ba, mai kuɗi ne. A 1983 Steve Wozniak, ɗaya daga waɗanda suka kafa Apple, ya shirya US Festival karo na biyu a kusa da San Bernardino ta Kalifoniya. An biya The Clash dala 500,000. Van Halen sun karɓi miliyan ɗaya da rabi. The Clash suka kira taron manema labarai kafin su hau, suka nemi masu bikin su ba da gudummawa ga mabukata, suka yi jinkirin fitowa, sannan suka yi wasa a gaban ƙyallen da ke cewa su ba na sayarwa ba ne. Mawaƙinsu Joe Strummer ya yi ta yi wa 'yan kallo faɗa a tsakanin waƙoƙi. Shekara biyar kacal tsakanin wannan da Victoria Park, ƙungiya ɗaya, kusan waƙoƙi ɗaya, amma a nan zafin ya zama abin dariya, domin kowa ya san an riga an karɓi cak. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan ne wasan ƙarshe da mai jitarsu Mick Jones ya yi da su, 'yan watanni bayan nan aka sallame shi.

Lollapalooza ya zo da dabara ta daban. Perry Farrell ya ƙirƙiro shi a 1991 a matsayin rangadin bankwana na ƙungiyarsa Jane's Addiction, da bikin Reading na Ingila a matsayin abin koyi. Maimakon jama'a su je wurin biki, biki ne ke zuwa garinsu. An fara a Arizona cikin Yuli. Tare da su akwai Siouxsie and the Banshees, da Nine Inch Nails, da Living Colour, da Rollins Band, da Butthole Surfers, da Ice-T wanda ke yin rabin wasansa da rap, rabi da ƙungiyarsa ta rok, Body Count. A gefen fili akwai rumfunan masu rajistar zaɓe da masu kare muhalli. Ya kamata a yi masa adalci. Yaron da ke zaune a garin da ba shi da kulob ko ɗaya, a rana guda ya ga dubban irinsa, ya gane ba shi kaɗai ba ne. Amma kamfanoni ma sun ga dubban nan, suka ƙirga su. A Satumbar shekarar Nirvana suka fitar da Nevermind, kafin Janairun 1992 ya ƙare ya ture faifan Michael Jackson daga saman jadawalin ciniki. 'Yan gefe sun koma tsakiya.

Daga nan labarin gajere ne. A 1996 aka sa Metallica a gaba, Farrell ya janye hannunsa daga na shekarar. Bayan 1997 aka daina. An farfaɗo da shi a 2003, na 2004 ya rushe saboda rashin cinikin tikiti, daga 2005 ya zauna a Grant Park ta Shikago. A 2014 Live Nation ta sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin da ke gudanar da shi. Yanzu kwana huɗu ake yi, yana da rassa a Chile da Barazil da Ajantina da Jamus da Indiya, kuma a cikin filin ma akwai shinge a cikin shinge, na masu tikiti mai tsada.

Akwai waɗanda suka ƙi tun farko. Fugazi, ƙungiyar Ian MacKaye ta Washintan, sun riƙe kuɗin ƙofa a dala 5 na tsawon shekaru, ba su sayar da riguna, ba su wasa inda za a hana yara shiga, faifansu kuma a kamfaninsu na Dischord suke bugawa. Sun ƙi tayin Lollapalooza saboda tsadar tikiti. Ba fili suke gudu ba. Sun sha yin wasa kyauta a Fort Reno, kuma a Janairun 1991 sun yi wasa cikin sanyi a gaban Fadar White House don nuna adawa da yaƙin Tekun Fasha. Abin da suka ƙi shi ne filin da ba su da ta cewa a kan ƙofarsa. MacKaye kan tsayar da waƙa a tsakiya idan ya ga wani ƙato yana bangaje mutane, ya kira shi, ya mayar masa da dala biyar ɗinsa, ya nuna masa hanya. Wannan yana yiwuwa ne kawai inda mawaƙi ke iya ganin fuskar mutum.

Haƙoran Mike Dirnt

Ranar 14 ga Agustan 1994, a bikin cikar Woodstock shekara 25 da aka yi a Saugerties ta jihar Niyok, ruwan sama ya mayar da filin taɓo. Green Day, waɗanda suka taso a 924 Gilman Street, wani ƙaramin kulob na sa-kai a Berkeley, suka hau dandamali wata shida da fitar faifansu Dookie. 'Yan kallo suka fara jifa da curin laka. Mawaƙinsu Billie Joe Armstrong ya ajiye jita ya shiga ramawa. Cikin 'yan mintuna dandamalin ya zama kamar bakin rafi da damina, mutane suka fara tsallake shinge suna hawowa. A cikin wannan turmutsitsi wani mai gadi ya hango wani saurayi jiƙe sharkaf da laka a kan dandamali, ya rarumo shi ya maka da ƙasa. Saurayin Mike Dirnt ne, mai jitar bes ta ƙungiyar. Sai da aka kai shi wurin likitan haƙori.

Ban san wani misali da ya fi wannan fito da matsalar fili ba. Burin pank tun asali shi ne a kasa bambanta makaɗi da ɗan kallo. A wannan rana laka ta cika burin, ta shafe bambancin, sai tsarin bikin ya mayar da martani da duka. Mai gadin bai yi kuskure a aikinsa ba. An ɗauke shi ne don ya tsare iyakar, kuma duk wanda bai yi kama da tauraro ba abin cirewa ne. Hoton wasan ya zaga duniya, cinikin Dookie ya ƙara tashi. Su kuwa 'yan Gilman Street tuni sun rufe wa Green Day ƙofa, saboda ƙa'idarsu ta hana ƙungiyoyin manyan kamfanoni wasa a can.

Kada a ɗauka ina cewa shinge makircin 'yan kasuwa ne kawai. Ranar 30 ga Yunin 2000, a Roskilde ta Danmak, aka yi turmutsitsin da ya ci ran samari tara a gaban dandamali yayin da Pearl Jam ke wasa. Ƙasa ta jiƙe, na baya suka turo, na gaba suka faɗi, numfashi ya gagara. Roskilde biki ne da ƙungiyar jinƙai ke gudanarwa da 'yan sa-kai, ribarsa ba ta shiga aljihun kowa. Kafin labari ya isa ga mawaƙin ƙungiyar, Eddie Vedder, ya tsayar da kiɗa ya roƙi jama'a su ja baya, aikin gama ya gama. Daga inda yake tsaye, da fitilu a idonsa, ba ya iya ganin abin da ke faruwa 'yan taku daga ƙafarsa. Bayan wannan aka raba gaban dandamalin gida-gida, aka ƙayyade yawan masu shiga kowane, bukukuwa da yawa a Turai suka hana ɗaga mutum a kan kawunan jama'a. Turereniyar da ke zaman wasa a ɗakin mutum ɗari uku, inda wanda ya faɗi ake miƙa masa hannu, tana kisa a cikin dubu hamsin. Shingen yana ceton rai, kuma yana kashe abin da ya sa aka zo. Duka biyun gaskiya ne, ban ga yadda za a raba su ba.

Rabin sa'a, da kwalbar ruwa

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin sasanta lamarin shi ne Kevin Lyman, wanda ya yi aiki a Lollapalooza kafin ya kafa Warped Tour a 1995. Daga 1996 kamfanin takalma na Vans ya ɗauki nauyi, aka liƙa sunansa a gaban na bikin. 'Yan gani-kashe-nin pank suka ce an sayar da gida. Amma a dubi abin da aka yi da kuɗin. Tikiti ya zauna da araha. Wasan a filayen ajiye motoci ake yi, da rana tsaka. Kowace ƙungiya, babba ko ƙarama, kusan rabin sa'a take samu. Ba a sanin wa zai hau da ƙarfe nawa sai da safen ranar, a kafe jerin a wani allo na roba da ake hura wa iska, don haka mai son ganin babbar ƙungiya dole ya zo da wuri, ya ga ƙanana. Makaɗa kan zauna a rumfunansu suna sayar da faifai hannu da hannu. Daga wannan fili Blink-182 da Paramore da wasu da dama suka yi suna. An yi ta yi har 2018, lokacin da aka yi rangadin ƙarshe na faɗin ƙasa. Yana da nasa tabon, musamman ƙorafin ƙarancin mata a dandamali da yadda aka tafiyar da zarge-zargen cin zarafi a shekarunsa na ƙarshe. Duk da haka ya nuna cewa mai ɗaukar nauyi ba shi ne ƙarshen zance ba. Abin tambaya shi ne wa ya tsara jadawali.

Kishiyarsa Woodstock na 1999 ne, a tsohon sansanin sojan sama na Griffiss a garin Rome na jihar Niyok. An zaɓi wurin ne don yana da katanga, ba mai shiga ba tikiti kamar yadda aka yi a 1969 da 1994. Sama da mutum 200,000 a kan kwalta da siminti, zafi ya kai digiri 38, inuwa babu, kwalbar ruwa dala 4, bandakuna sun cika sun malala. A daren ƙarshe, Red Hot Chili Peppers na wasa, kyandirori da wata ƙungiyar yaƙi da bindiga ta raba suka zama makamin cinna wuta. Aka ƙone tireloli, aka fasa rumfuna, aka kuma samu rahotannin fyaɗe. Masu shirin sun ɗora laifi a kan makaɗa, musamman Limp Bizkit. Ba na wanke kowa, masu fyaɗe kuma laifinsu nasu ne. Amma waɗannan ƙungiyoyi sun yi wasa a wasu filaye a wannan bazara ba a ƙone komai ba. Abin da ya bambanta Rome shi ne kwana uku na ƙishirwa a cikin katanga.

Na tsallake Afropunk ba don bai cancanta ba. Ya samo asali daga fim ɗin James Spooner na 2003 kan baƙar fata a cikin pank, ya zama biki a Brooklyn a 2005, kyauta, ya fara karɓar kuɗin ƙofa a 2015, ya kai Johannasbag a 2017. Gardamar da ta biyo baya a kan ko ya bar mutanensa ita ce dai wadda muka gani a sama, kuma tana bukatar takarda tata.

Ta Sakkwato

Na yi alkawarin dawowa ga rakoda. Mdou Moctar Buzu ne daga jihar Tawa a Nijar, bahago, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta da wayoyin birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da waƙoƙin finafinan Hausa suka saba da shi. Babu kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi, ta bulutut da katin mimori, har ya ƙetare sahara. Wannan shi ne Jarocin, da wata na'ura. Ta haka Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ji shi, ya sa waƙarsa a tarin Music from Saharan Cellphones. Daga baya ya shiga Matador, kamfanin da ya fitar da Pavement da Yo La Tengo, wato cibiyar rok na 'yan gefe. Mai buga masa bes, Mikey Coltun, ɗan yankin Washintan ne, garin Fugazi. Sun fitar da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024, a watan Afrilun 2024 ɗin kuma suka yi wasa a Coachella ta Kalifoniya.

Masu sharhi a Amurka sukan ce wasansa yana da ruhin pank, suna nufin sauri da ƙarar jita. Ni ina ganin kamar ta wuce nan. Wurin da ya koyi sana'arsa shi ne bikin aure a Agadas: tabarma a ƙasa, janareta a gefe, lasifika ɗaya ko biyu, jama'a sun yi da'ira, masu rawa na shigowa tsakiya suna fita. Babu dandamali balle shinge. Wanda kiɗa ya ratsa yakan taso ya zo har gaban makaɗi ya liƙa masa kuɗi, kamar yadda duk wanda ke ɗakin nan ya sha gani a bikin gidansu. Abin da 'yan CBGB suka yi ta fafutukar ƙirƙirowa, a can haka aka tashi aka tarar.

A Coachella jitar ita ce, yatsun su ne. Tsakaninsa da layin farko akwai rami mai faɗin 'yan mitoci, masu gadi a ciki sun ba shi baya suna kallon jama'a, masu ɗaukar hoto na zirga-zirga. Kuɗinsa an riga an tura ta banki, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu watanni kafin ranar. Wanda kiɗan ya ratsa a cikin taron, iyakarsa ya ɗaga waya sama ya naɗa.